Damona na biyu, da abin da na farkon ya koya min

Wallahi har yau in na tuna damon da na fara ajiyewa sai raina ya ɓaci, don ni na kashe shi da hannuna ban sani ba. A hannun wasu yara na saye shi bakin gonarmu, sun ɗaure masa igiya a ƙugu suna ja, fatar wajen duk ta saɓule, shi ko ya yi lamo sai harshen nan mai baki biyu da yake ta zurowa. Na biya su na kawo shi gida na sa a wani tsohon kejin zomo, kullum sai na ba shi ƙwai biyu, wani lokaci ɓera ko hanjin kaji, yana ta ƙiba ni kuma ina ta murna wai ya samu gida. Bai kai shekara biyu ba na tashi da safe na tarar ya sandare, da wani abokina likitan dabbobi ya buɗe cikinsa kitse ne dam, hantar ma ta koma ruwan ɗorawa.

Ana ce masa damo sarkin haƙuri, to haƙurin nan ne matsalar, ba ya kuka ba ya nuna ciwo, sai dai ya kwanta kai kuma ka ɗauka hutawa yake. A daji abincinsa fara ne da gyare da ƙadandoniya da dodon koɗi har kunama, kuma yawo yake ya tono su da farce, in rani ya yi ya shige rami ya yi watanni kusan ba ya cin komai. Ni ko na zaunar da shi waje ɗaya ina ɗura masa maiƙo rani da damina.

Wannan ta biyun mace ce, shekararta huɗu a wajena yanzu. Kafin in kawo ta sai da na gina mata waje da bulo a bayan ɗaki, na zuba ƙasa haɗe da rairayi zurfin ya kai gwiwata, ina yayyafa ruwa ta ƙasan don cikin ramin ya riƙe danshi, don bushewa ma na kashe su a hankali. Akwai faffaɗan dutse inda rana ke duka, da hantsi za ka ga ta fito ta baje a kai kamar an shanya ta, in ta ji zafi ya ishe ta ta koma rami abinta. Fara nake ba ta, ɗanya mai rai, ba ta masu suya mai yaji da gishiri ba, sai kyankyasai da nake kiwo a bokiti. Ranar da ta fara karɓar fara daga hantsaki ba tare da ta kumbura wuya ta zabga min wutsiya ba, ai kasa barci na yi don daɗi.

Masu tambayata guza fa, gaskiya ina hana su. Guza na kai mita 2, ruwa take so, ga cizo ga faɗa. A Amurka wasu sun saya sun gaji sun sake su, yanzu sun yi ta haihuwa a Cape Coral ta jihar Florida, har a 2021 jihar ta sa su cikin dabbobin da aka haramta ajiyewa.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancin damon da ake sayarwa a shagunan Turai da Amurka daga dajin Ghana da Togo da Benin ake kwaso su, ba a keji aka haife su ba, duk da suna cikin jeri na biyu na CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya mai sa ido kan cinikin namun daji. Shi ya sa nake son in ga na ƙyanƙyashe nawa. Bara da kaka ta yi ƙwai 19 amma babu namiji, duk suka lalace. In da namiji ƙwan kan ɗauki wata biyar zuwa shida a ƙasa mai ɗumi kafin ya fashe. Na riga na fara gina ɗaki na biyu, don ba zan haɗa su waje ɗaya ba sai lokacin barbara, siminti buhu uku ya rage min.