Hannun jarin da na saya a Intuit saboda QuickBooks

Sana'ata riƙe wa 'yan kasuwa littafin lissafi ce a Kano, kuma na daɗe ina aiki da QuickBooks, wata manhajar riƙe lissafin kasuwanci. Abin da na gani da idona shi ne, ɗan kasuwar da ya zuba lissafin shekara biyar a cikinta, da sunayen masu bin sa bashi da waɗanda yake bi, da wuya ya rabu da ita. Ko an ƙara masa kuɗi, gunaguni zai yi ya biya, don kwashe lissafi zuwa wata manhaja ya fi tashi daga shago wahala. Wannan ne ya sa a ƙarshen 2021 na ɗebi wani abu cikin ajiyata na sayi hannun jarin Intuit, kamfanin Amurka mai manhajar, ta hanyar dillalan nan na waya da ke saya wa 'yan Najeriya hannun jari a kasuwar Nasdaq.

Na shiga lokacin da kowane hannu ke kusan dala 700. Kafin ƙarshen watan Mayun 2022 ya zube da kusan rabi, bayan babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa. Manhajar tana nan yadda na san ta, masu amfani da ita ba su gudu ba. Ni ne na sayi kaya mai kyau da tsada, ban tsaya na kwatanta farashin da ribar da kamfanin ke samu a shekara ba.

A watannin nan ne na zauna na karanta rahoton shekara na kamfanin, abin da ya kamata in yi tun farko. Ashe gefe ɗaya na gidan na sani. Akwai TurboTax, wadda Amurkawa ke cike takardun haraji da ita, kuma tun da a tsakiyar Afrilu wa'adin haraji ke cika a can, kuɗin da ke shigowa tsakanin Fabrairu da Afrilu ya fi na kowane lokaci. Wanda bai san haka ba zai ga lissafin watannin da ke biyo baya ya zaci kamfanin ya durƙushe. Akwai Credit Karma, mai haɗa masu neman bashi da bankuna, da suka saya a 2020, da Mailchimp, manhajar aika saƙonnin talla ta imel, da ta ci musu wajen dala biliyan 12 a 2021. Mafi yawan cinikinsu a Amurka yake. Kwastomomina na Kantin Kwari, da na kafa hujja da su, ko ɗigo ba su kai ba a wannan tekun.

Har yanzu ina ganin kamfanin na da gaba. Kuɗin shigarsa ya wuce dala biliyan 16 a shekarar lissafi ta 2024, kuma yana ta kai mutane ga biyan wata-wata ta intanet maimakon saye sau ɗaya. Abin da nake sa wa ido biyu ne: duk wani yunƙurin gwamnatin Amurka na bai wa mutane hanyar cike haraji kyauta, kamar gwajin da ta yi a 2024, da kuma ƙirƙirarriyar basira, wadda za ta iya sauƙaƙa kwashe lissafin nan da na ce yana da wuya.

Da naira ta faɗi bayan Yunin 2023, jarina ya yi kamar ya ninka. Tun daga nan da dala nake auna shi.

Credit Karma ce ta fi tsaya mini a rai. Kamasho take karɓa daga bankuna idan ta haɗa su da mai neman bashi ko katin bashi, kuma bashin nan mai ruwa ne. Na kai maganar gaban malaminmu, muka duba kason da take kawowa cikin kuɗin kamfanin, na dawo gida zuciyata ba ta kwanta ba. Da farashi ya farfaɗo na sayar da rabi, ragowar kuma ban ƙara masa ko kwabo ba.