Bakin Salansar Peugeot 504 Ɗina

Alhamdu lillahi, Peugeot 504 ɗin da na gada daga Baba ta daina tsartar hayaƙi. Mun sa mata sabon bakin salansa, wato ƙarfen da ke karɓar hayaƙi daga injin, mai bututu huɗu, kowace silinda da nata. Aikin yana wajen haɗa shi da kan injin. Bakanikena na Ƙofar Ruwa ya goge fuskar ƙarfen har ta kwanta sumul, domin zafin walda kan lanƙwasa ta. Ya sa sabon gaskit, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin ƙarfen da kan injin, ya ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan. Injin ya yi zafi, ya huce, ya sake ɗaurewa. Kunkunniyar gefen noti ta ɓace. Hayaƙin da ke shigowa cikin mota ne ya fi damuna, saboda yara nake kaiwa Islamiyya.