Arba'in ɗin tsohon ma'aikacin layin dogo a Bagalam

Lahadi, bayan isha'i.

Yau aka yi addu'ar arba'in ta dattijon nan na unguwar Bagalam ta Maraɗi da kowa ke ce wa tsohon soja. Malamai sun sauke Alƙur'ani tun da sassafe, aka raba goro da dabino da masa, kafin hantsi ya dubi ludayi jama'a sun watse. Aka bar 'ya'yansa a zaure tare da tsofaffi biyu da suka yi aiki da shi, sai adakar ƙarfe da aka jawo daga ƙarƙashin gadonsa. Allah ya jiƙansa, ya kyauta namu zuwan.

A cikin adakar akwai littafinsa na soja, katin tsohon mayaƙi, katunan sandika, wato ƙungiyar ma'aikata, da aka ɗaure da zare, da ƙananan littattafai cike da lambobi. A ƙasansu duka aka tarar da sandar ƙarfe mai haƙori biyu, wadda ake ɗorawa tsakanin ƙarafan layi a auna faɗi. Wani jikansa ya ce, "Baba, Maraɗi da ba ta da jirgin ƙasa, ina kaka ya samo wannan?" Ɗaya daga cikin tsofaffin ya ce gyaɗa ce ta kai shi.

Gaskiya ya faɗa. Da can gyaɗar Maraɗi ta Kano take fita, inda jirgi ya iso tun 1911. A 1953 Faransawa suka fara karkata ta zuwa Dahome: mota ta bi Ƙonni da Dosso da Gaya, ta sauke a Paraku, jirgi ya ɗauka kilomita 438 zuwa tashar ruwa ta Kwatano. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwar Dahome da Nijar ta wannan layi, wadda sunanta ya koma OCBN bayan ƙasar ta zama Benin a 1975. Marigayin ya dawo daga yaƙin Aljeriya ba gona ba jari, ya bi motocin gyaɗa, ya shiga ayarin masu gyaran layi, har ya zama shef, wato shugaban ayari.

Mutane in an ce ma'aikacin jirgi, direba suke hangowa. Amma ran jirgi a hannun mai tafiya ƙasa da guduma yake. Faɗin wancan layi mita ɗaya ne cif tsakanin ƙarfe da ƙarfe. In ya buɗe fiye da ƙima ƙafar tarago ta faɗa ciki, in ya tsuke ta hau sama. A kwana ake fi samun buɗewar, domin nauyin jirgi ƙarfen waje yake turawa yana cinye gefensa, shi ya sa ake ɗaga ƙarfen waje ya ɗara na ciki kaɗan.

Sai maganar mahaɗa, wadda tsofaffin suka fi daɗewa a kanta. Ƙarfe yana miƙewa da zafi. Sanda mai mita 12, in zafinta ya ƙaru da digiri 40 tsakanin sanyin asuba da tsakar ranar bazara, tana ƙara tsawon kusan milimita 5 da rabi. Don haka ake barin ɗan gibi tsakanin sanda da sanda, a haɗa su da faranti biyu na ƙarfe, ɗaya ciki ɗaya waje, a ɗaure da ƙusoshi huɗu. A kilomita ɗaya mahaɗa ta haura 160 in an haɗa ɓangarorin biyu, ƙusoshi sun fi 600, kuma kowace sai an buga ta an saurara. Mai ƙarfi tana amsawa garau, wadda ta saki tana yin kwas-kwas kamar fasasshen ƙwarya. Kuskuren sabon lebura shi ne ya ɗaure har ya wuce, ko ya bar farantin ba mai. Tsatsa ta kama, sandar ta kasa zamewa, gibin ya toshe, rana ɗaya da azahar layi ya lanƙwashe gefe kamar maciji. Da hunturu kuma akasin haka ke faruwa, ƙarfe ya tsuke ya tsinke ƙusa. Abin da ya sa shef mai hankali ba ya yarda a kwance layi ko a yaye tsakuwarsa da tsakar rana ke nan.

Matasan layi, wato abubuwan da ake jerawa a gicciye ƙarfen ya kwanta a kansu, na ƙarfe ne, domin itace abincin gara ne. Tsakuwar da ke ƙarƙashi ita ke riƙe su, ita ke tsiyaye ruwa. In ƙasa ta cike ta, damina ɗaya ta isa ta mai da wurin taɓo, duk wucewar jirgi matashin ya nutse ya taso yana tofar da laka. Gyaransa a ɗaga layin da jak, a kwashe tsakuwar a tankaɗe, a mayar, a cusa ta da sanda daidai ƙarƙashin inda ƙarfe ya hau. Ba a cusawa a tsakiyar matashi, don zai riƙa lilo ya lanƙwashe. Kafin a taɓa komai kuma sai an kafa jar tuta nesa ta kowane ɓangare, an ɗora 'yan ƙananan nakiyoyi a kan ƙarfe, waɗanda ke fashewa da ƙara in ƙafar jirgi ta taka, direba ya san akwai mutane a gaba. Jirgi mai kaya ba ya tsayawa a inda ya ga haɗari.

Duk wannan yana cikin littattafan: rana, lambar kilomita, faɗin da aka auna, ƙusoshi nawa aka nema, nawa aka kawo. A nan na ga asalin shugabancinsa a sandika. A kowane layin dogo, in tarago ya kauce, laifi gangarowa yake yi har ya tsaya kan ƙaramin ma'aikaci. Wakilin da ya shiga zaman bincike da baki kawai ya fito da kunya. Wanda ya buɗe littafi ya nuna cewa an nemi faranti wata uku da suka wuce ba a aiko ba, ya ceci abincin wani gida. Tsofaffin sun ce daga manyansu da suka yi babban yajin aikin layukan Afirka ta Yamma ta Faransa ya koyi sauran, wanda ya kama daga 10 ga Oktoba 1947 zuwa 19 ga Maris 1948, ana neman baƙi da fari su zama a tsarin aiki ɗaya. Darasin shi ne yunwa ke karya yaji, don haka kuɗin ƙungiya na wata-wata ba a wasa da su, kuma ba a ajiye aiki sai an ba da sanarwa a rubuce an tanadi buhunan hatsi.

Da la'asar aka zo kan maganar da ta fi damun gidan. 'Ya'yan sun ɗauka kuɗin soja da Faransa ke biyan marigayin zai koma hannun mahaifiyarsu. Ba haka ba ne. A ƙarshen 1959 Faransa ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ta mallaka, sai a 2001 kotun ƙolinta ta gudanarwa ta ce wannan wariya ce, a ƙarar wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadou Diop. Aka daidaita kuɗin katin mayaƙi da na Faransawa a 2007, fanshon aikin soja kuma daga Janairun 2011. To, iri biyu ne. Fanshon aikin soja sai wanda ya yi shekara 15, shi ne matar mamaci ke cin rabi. Marigayin bai kai ba, kuɗin kati yake karɓa sau biyu a shekara, shi kuwa da mai shi ake binne shi. Abin da Hajiya za ta nema shi ne rabonta a fanshon aikin jirgi, kuma zai tsaya a kan takardar aure, takardar rasuwa, da suna iri ɗaya a ko'ina. A nan ake tuntuɓe: littafin soja ya rubuta sunan uba da wani harafi, takardar aiki da wani, shekarar haihuwa kuma ta ƙiyasi ce. Sai an je kotu da shaidu biyu an tabbatar mutum ɗaya ne.

Jikan nan ya sake ɗaukar sandar awo ya ce zai adana ta har layin Kano ya iso, mai kilomita 284 da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda zai biyo Daura da Katsina da Jibiya. Tsohon ya yi dariya ya ce, "Yaro, adana ta don kakanka. Wancan faɗinsa milimita 1,435 ne, taka ta gaza da 435." Gobe babban ɗan zai fara da ofishin magajin gari, da takardun a cikin leda.