Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a kan Duna

Alhamdulillah, yau da safe an cire wa karena Duna zaren ɗinki, kwana 12 cif bayan aikin da aka yi masa a ciki. Ya ci tuwo da romo, har ya yi wa kabu-kabun da ya wuce ƙofar gida haushi. Ni kam sai yanzu na ji gajiyar ta sauko mini gaba ɗaya.

Kun dai bi labarin tun ranar da ya fara amai, har likitan dabbobi ya ce totuwar masara ce ta toshe masa hanji, sai an buɗe cikin. Kwikwiyo ɗan wata 5! Da aka yi masa allurar barci na ga kansa ya langaɓe, wallahi ƙafafuna kasa ɗaukata suka yi.

Amma daren da muka dawo gida Zariya shi ne ba zan manta ba. Ga zafi, ga an ɗauke wuta, ga robar ƙarin ruwa ba inda za a rataye ta. Sai ga Baba Maigadi, mutumin da ko butar alwalarsa ba ya bari kare ya kusanta. Ya karɓi robar ya ɗaga sama, ni ina haska fitilar waya, bai sauke hannu ba sai da ruwan ya ƙare. Na ce, “Baba, ka huta mana.” Ya ce, “Ɗiyata, ba ki ji hadisin mutumin da ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare, Allah ya gafarta masa ba?” Nan na fashe da kuka. Na san ba za ka so a ambace ka ba, Baba, ka yafe mini. Allah ya jiƙan mahaifanka, ya kai ka Makka, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Likita da yaronsa, Allah ya ƙara basira. Inna mai ƙosai da ta ranta mini jika 15 ba ta tambayi ranar biya ba, Allah ya buɗa mata. Ƙanena da ya yanka tsohon bokiti ya sa wa Duna a wuya don kada ya lashi ɗinkin, na gode.

’Yan uwan da suka ce a kan kare nake zubar da kuɗi, ko waya ba su buga ba, na ji, kuma ya yi mini ciwo.

Likita ya ce a bar shi ya ƙara warwarewa kafin a yi masa allurar rigakafin haukan kare. Ku ci gaba da sa mu a addu’a.