Tsirkiya ta tsinke, musu ya tashi

Yau Asabar tun da hantsi aka ɗauke wuta, na ce bari in ɗauko jitata in ɗan taɓa, ko minti biyar ban yi ba siririyar tsirkiyar nan ta ƙasa ta ce tas, har ta zane ni a bayan hannu. Inna na tsakar gida tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce "to madalla, yau kunnena ya huta." Na sa takalmi na fita neman wata.

Sai bayan la'asar na samo, a hanyar dawowa na biya teburin mai shayi na tarar da mutumina, nan fa aka ɓata sauran yinin. Shi a wajensa gwanin jita shi ne mai gudun yatsu, ya miƙo min waya wai in kalli wani yaro da yatsunsa ke tsere kamar an biyo shi, na kalla har ƙarshe na ce to yanzu rera min abin da ya kaɗa. Shiru. Ya ce ai Jimi Hendrix, shahararren makaɗin jitar nan na Amurka, shi ma gudu yake. Na ce haba mutumina, Hendrix ko tsirkiya ɗaya ya ja ya riƙe sai ka ji kamar mutum ke kuka, ba gudun ne ya sa har yau ake zancensa ba, mutumin da ya rasu tun 1970 yana ɗan shekara 27.

Ni dai wanda nake ganin an danne wa haƙƙi shi ne Rory Gallagher, ɗan Ayalan, ya rasu a 1995. Ka ga jitarsa samfurin Stratocaster fenti duk ya kwaile saura katako, gumi ya cinye shi, kuma haka kiɗan nasa yake, ba kwalliya, kamar yana bin jitar bashi. Sai Tony Iommi na ƙungiyar kiɗan Black Sabbath da injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu yana ɗan 17, ya narka robar kwalba ya yi musu hula ya ci gaba, daga baya ya sassauta tsirkiyoyin don rage zafi, nauyin sautin nan da ake ta kwaikwayo har da wannan a ciki. Ni da ɗan kanta ya fito min a yatsa nake ta raki, kunya ma ta kama ni wallahi.

Da na kawo sunan Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar, sai mutumin nawa ya taɓe baki wai wannan ai kiɗan Buzaye ne ba rok ba. Mai shayi da kansa ya ajiye ludayi ya ce "kai yaro, ka taɓa jinsa da sifika kuwa?" Shi Moctar bahago ne kamar Hendrix, jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta, kuma a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, amma sai da Turawa suka tafa masa sannan wasunmu suka waiwayo.

Bayan isha na ɗaura sabuwar, sai saki take, in ɗaure ta sauka, in ɗaure ta sauka. Na dai samu na ja sauti ɗaya na riƙe ina karkaɗa yatsa a hankali, daga ɗaki Inna ta ce wai kyanwar wa ce ta shigo.