Gambiya: na je neman gyaɗa, na tarar da kifi da baƙi

Motar haya iri biyu ce a Gambiya, kuma kowace da farashinta. Koriya ta masu yawon buɗe ido ce, rawaya ta 'yan gari. Direban koriya da na fara tsayarwa ya yanka mini kuɗin da ya sa na sake tambaya ko dalasi, kuɗin ƙasar, yake nufi. Da na ce masa ni ba Bature ba ne, daga Kano nake, sai ya ƙyalƙyale da dariya ya ce ai 'yan Najeriya sun fi Turawa kuɗi. Na bar shi na tari rawaya, muka cunkusa har Serekunda.

Ƙasar siririya ce, ta bi kogin Gambiya dama da hagu, Senegal ta kewaye ta ta ko'ina sai bakin teku. Mutanenta duka sun ɗan haura miliyan 2, ko kusa da jihar Kano ba su kai ba. Amma ka shiga kasuwar Albert a Banjul ka ga shinkafa da sukari da atamfa, sai ka rasa wa zai cinye wannan kaya. Ashe da yawa wucewa suke yi: a sauke a tashar jirgin ruwa, a loda zuwa Senegal da Gini da Mali.

Wani dattijo Bafillace mai shago ne ya warware mini wannan. Sallama kawai na yi masa ina tambayar masallaci, sai ya riƙe ni har la'asar. Aka kawo benacin, dafa-dukarsu ta shinkafa da kifi, aka ɗora ataya. Na ce, "Baba, shinkafar nan ta ina ce?" Ya ce, "Ɗana, ta jirgi ce, tamu ba ta isar mu." Kuɗin da ya cika shagon ma ɗansa ne ke turowa daga Italiya, yaron da ya bi ta Agadas da Libiya. Ya ce da wuya ka shiga unguwa ba ka samu gidan da ke jiran irin wannan aike ba. Ba ƙari ya yi ba, don kuɗin da 'yan ƙasar ke turowa daga waje sun kai kusan kashi 1 cikin 5 na tattalin arzikinta, wasu shekarun ma sun wuce. Da na sa hannu a aljihu ya ɓata rai, har sai da na ba shi haƙuri.

Tanji ce ta fi tsaya mini a rai. Da yamma kwale-kwale masu fenti ke dawowa, mata su kutsa cikin ruwa har ƙugu da robobi a ka, su fito da kifi ana ta ciniki da ihu. Bayan gaɓar ga rumfunan banda, hayaƙi ya turnuƙe, an jera kifin bonga a kan waya har ya yi ja. Wani mai banda ya ce kayansa har Najeriya suna zuwa. Na saya da arha ƙwarai, amma matan kuka suke yi da tsada. A cewarsu, tun da aka kafa masana'antun niƙa kifi a Gunjur da Sanyang da Kartong, ƙananan kifin da talaka ke miya da su ake kwashewa, a mayar gari, a kai waje abincin dabbobi da kifin kiwo. Ni dai a ganina cinikin asara ne a sayar da miyar gida don a ciyar da dabbar wani.

Kololi kuwa wata duniya ce: otal-otal, Turawa kwance a rana, samari na bin su da zance. Ruwan kwalba ma kuɗinsa ya ninka. Harkar ta lokaci ce, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu. Damina na sauka sai a sallami ma'aikata da yawa. Har yanzu ana ba da labarin 2019, lokacin da kamfanin Thomas Cook da ke kawo baƙi daga Ingila ya durƙushe ana dab da shiga lokacin zuwan baƙi.

Gyaɗar da ta kai ni sai da na nausa cikin ƙasa na gan ta sosai. Mu man fetur ne ya sa muka manta da dalar gyaɗa. Su ba su da fetur, amma ita ma tasu ta ja baya. Manoma na ƙorafin jinkirin biya a wuraren awo, wasu kan tsallaka da ita Senegal in farashi ya fi, ga gubar fumfuna da ke hana ta shiga kasuwar Turai. Shi ya sa wasu suka koma dashen kashu.

A wani shinge wani jami'i ya ga fasfona kore, ya juya shi ya fi a ƙirga, ya ce na buɗe jaka, ya shinshina kifina, sannan ya wurgo mini fasfon ta taga.

Na tsallaka gadar Senegambiya ta kusa da Farafenni, wadda aka buɗe a 2019, manyan motocin Senegal na ta bi. Na dawo ta Barra, na yi jiran jirgin fito har na gaji.