Kan babur a ƙahon zuci

Ƙanena ɗan acaba ne a Agege. Wata Laraba da yamma motar haya ta danfo ta ci birki a gabansa, ya faɗa mata, kan babur ya doke shi a ƙahon zuci. Ya tashi ya kaɗe wando. Babu jini, babu karaya, sai ɗan tabo zagayayye kamar an ɗora kwabo. Na shafa masa man zafi, na sayo maganin kashe ciwo a kemis, muka ce Allah Ya tsare gaba.

Sai daren Alhamis amai ya fara. Ya ce, "Yaya, ciwon nan yana ɓullowa ta bayana." Kwanciya rigingine ta gagara, sai dai ya zauna ya duƙufa.

A asibiti na fara jin sunan fankiriyas. Ni da na yi shekaru ina fawa na san hanta da saifa, amma wannan ban taɓa kula da ita ba. Likita ya zana min ita a takarda: tana kwance a bayan tumbi, ta gitta ƙashin baya. Idan abu mai ƙarfi ya danna ciki, sai a matse ta tsakaninsa da ƙashin. Ita ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, da ruwan narkar da abinci, kuma ruwan nan idan ya zube ba ya bambance tuwo da naman jikin mutum.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne yadda rauninta yake ɓuya. Awon jini na amilas, wani sinadari da fankiriyas ke fitarwa, yakan fito lafiya a sa'o'in farko. Hoton ciki na yau da kullum, irin na masu juna biyu, iskar hanji kan tare shi. Sai da aka yi hoton CT aka ga tsagewar. Likitan ya ce magana ɗaya ce: ko ɗan bututun da ke tsakiyarta ya yanke. Da ya yanke, da sai an cire ɓangaren jelarta, watakila har da saifa.

Nasa bai yanke ba. Aka hana shi ci, aka yi ta ƙarin ruwa, ni kuma ina kwana a kan benci. Da za a sallame mu aka ce mu dawo hoto, don ruwan kan taru ya yi jaka bayan makonni. Takardar na nan cikin aljihun rigar Juma'ata.